Fijon Kawu a Hanyar Damagaram

Motar Kawu Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, ta farkon shekarun 1980. Tun ina ɗan firamare nake ganin ta a ƙofar gidansa, kuma har yau kujerunta da sitiyarinta na asali ne. In aka kawo masa zancen sayarwa, sai ya ɗauko wata hirar. Da aka sa ranar ɗaurin auren 'yar ƙanwarsa a Damagaram, cikin watan Afrilu, bai nemi shawarar kowa ba. Ya ce da ita za mu, ni zan tuƙa, shi yana gefe, ƙanena yana baya da kayan biki.

Cuta ɗaya ke damun motar, kuma duk gidan an san ta. Da sassafe ki ɗaya take tashi. Amma in an yi tafiya mai nisa inji ya ɗau zafi, aka kashe ta na ɗan lokaci, to sai kik ya riƙa ja da ƙyar, gurr... gurr..., ya juya sau biyu ya tsaya. In aka bar ta ta huce sai ta tashi garau, babu alamar ta taɓa yin gardama. Duk wanda ya ji wannan ƙara cewa yake batir ne, shi ya sa ana jibi tafiya Kawu ya sa aka ɗaura mata sabo fil.

Mun bar Kano bayan sallar asuba. A Dawanau manyan motoci sun riga sun jeru ana lodin hatsi, muka ratsa su muka kama hanyar Dambatta. Wanda bai taɓa tuƙa 504 a kan titi mai ramuka ba ba zai gane abin da ya sa dattawa ke maganarta da shauƙi ba. Ƙafafunta na da tsawon lilo, tana haɗiye rami ba ta jijjiga na ciki, kuma cikinta a ɗage yake daga ƙasa. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Faransawa sun daina ƙera ta a ƙasarsu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. A wancan zamani ita ce motar ma'aikatan gwamnati, doguwarta mai layin kujeru uku ita ce motar haya daga tasha zuwa tasha, mai buɗaɗɗen baya kuma ta kai buhuna kasuwannin ƙauye. Saboda haka duk garin da ka shiga a ƙasar Hausa, akwai mai furfurar da ya san cikinta ciki da bai.

A Kazaure muka tsaya shan mai. Dole a kashe inji a gidan mai, na kashe. Aka zuba, aka biya, ƙanena ya sayo ruwa, na murɗa ki. Gurr... gurr... shiru. Kawu bai ce uffan ba, sai dai na ga ya dubi wajen da sabon batirin yake. Muka tura ta gindin wata darbejiya, muka ɗaga bonet, muka zauna muna kallon duwatsun garin har iska ta ratsa injin. Da na sake murɗawa ta tashi.

Hantsi ya yi sosai muka shiga Daura ta Sandamu. Ƙanena bai taɓa ganin rijiyar Kusugu ba, wadda labarin Bayajidda da maciji ya rataya a kanta, don haka muka tsaya ya leƙa. Tsayuwar ba ta yi tsawo ba, kuma irin wannan ce motar ta fi ƙi. Wannan karon ko juyi ɗaya cikakke kik bai yi ba. Samari suka taru suka tura, na sa giya ta biyu na saki kulochi, ta kama. Kawu ya ce in bar ta a kunne. "Gaba akwai iyaka," in ji shi. "Can ba sau ɗaya za a ce mu kashe ba, kuma ba zan shiga ƙasar mutane ana tura ni ba. Nemo mana mai wayarin."

Aka kwatanta mana wani dattijo a wata rumfa kusa da tasha. Kik da altaneta na motoci iri-iri sun cika teburinsa, yaransa biyu suna naɗin waya. Na fara ƙoƙarin kashe motar, ya ɗaga mini hannu.

"Dakata, ɗana. Alhaji, daga ina kuke?"

"Daga Kano."

"Madalla. Da zafinta nake son ta. Da kun kawo mini ita da safe ta kwana ta huce, da babu abin da zan gani, sai dai in ci kuɗinku a banza. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe."

Ya sa na kashe, ya hana a buɗe bonet, muka zauna a benci kamar minti goma sha biyar. Dalilinsa shi ne wannan. Muddin inji na aiki, famfon ruwa na zagaya ruwa ta lagireto, fanka na jan iska, tafiya kuma na kora zafi ta ƙarƙashi. Da zarar an kashe, duk waɗannan sun tsaya cak, zafin da ke cikin ƙarfen injin da salansa ba shi da mafita sai ya bi duk abin da ke manne da su. Kik a jikin injin yake ɗaure. Ke nan a mintunan farko bayan an kashe mota, kik da wayoyinsa ƙara zafi suke yi, sai daga baya su fara hucewa. Abin da ya sa tsayuwar shan mai ko ta sallah ta fi tsayuwar wuni wahalar da motar ke nan.

Da lokaci ya yi ya ce in murɗa, ya karkata kai yana saurare. Ya ce cuta biyu ce mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai motar da kik ke juya ta da sauri yadda ya kamata amma ta ƙi kamawa. Wannan galibi fetur ne ya tafasa a kafireto ya malala cikin inji, maganinta a take totur har ƙasa a riƙe a yi ki. Akwai kuma wadda juyin ne kansa ya yi nauyi. Tamu ta biyun ce, don haka babu ruwanmu da kafireto.

Ya ɗauko mita, ya dafa bakinta biyu a kan dalmar batirin kanta, ba a kan maƙalan waya ba. Ta nuna bolt 12.6, cikakken caji. Ya ce in yi ki, ta sauka zuwa sama da 10 kaɗan ta tsaya. Ya ce batirin da ya gaji yakan faɗi ƙasa da 9.6 in ana ki, wannan kuwa ya riƙe.

"Alhaji, batirinku ba shi da laifi. Ina jin wanda kuka cire ma da sauran ransa. Ba a nan gizo ke saƙar ba."

Sai ya zare wayar tsakiya ta dilko, wadda ke kawo wuta daga koyil, ya jingina bakinta da jikin inji, ya ce in sake. Ban gane hikimar ba sai da ya bayyana. In taimin ya yi gaba da yawa, fulogi na ba da wuta tun fistin bai gama hawowa ba. Inji mai sanyi yakan yi haƙuri da haka. Inji mai zafi kuwa, fetur na kamawa nan take, sai fashewar ta danno fistin ƙasa alhali kik na ƙoƙarin tura shi sama, ka ji juyin yana cijewa yana saki. Direbobi da yawa kan sa a matsa musu taimin gaba don mota ta ƙara kuzari, su sayo wa kansu wannan matsala. In an cire wutar fulogi juyin ya saki ya yi sauri, to taimin ne. Namu bai sauya ba ko kaɗan. Ya mayar da wayar. Ya sa babban sifana a kan kusar fulin ƙasa ya juya injin da hannu, ya ga yana tafiya ba tauri. Ya ce injin da aka yi wa aiki kwanan nan aka matse shi fiye da kima yakan ɗaure in ƙarfe ya buɗe da zafi, amma wannan sakakke ne.

Saura hanyar wuta, kuma a nan ya fi daɗewa. Ya dafa bakin mita ɗaya a kan dalmar batir ta nagetif, ɗayan a kan ƙarfen inji inda ya kankare ya yi fes. A ido waɗannan wurare biyu haɗe suke da waya mai kauri, don haka bai kamata mita ta ga wani bambanci tsakaninsu ba. Kafin a yi ki sifiri ta nuna. Ina murɗawa ta haura kusan bolt ɗaya. Ya ce in hanya na da lafiya, bai kamata ta wuce 0.2 ko 0.3 ba. Ya gwada ɓangaren fozitif, daga batir zuwa kusar kik, can ma akwai 'yar asara amma ba ta kai rabin bolt ba.

"Kun ga lambu?" ya ce da Kawu. "Rijiya cike take, injin ban-ruwa na aiki, amma kwarin da ruwa ke bi ya cushe da yashi. Shuka na can na bushewa, mai lambu na nan na zagin rijiya."

Bai tsaya a kan mita kaɗai ba. Ya sa yaro ya kawo wayar jan wuta mai kauri, ya maƙala baki ɗaya a nagetif, ɗayan a jikin inji kai tsaye. Na murɗa, kik ya juya da ƙarfin da ban taɓa jin sa da shi da rana ba, motar ta tashi. Ya cire wayar, ya sa na kashe na sake gwadawa, nauyin ya dawo. Sannan ya kama hannuna ya kai shi can ƙasa, inda wata saƙaƙƙiyar waya ta haɗa inji da bodi. Da ƙyar na iya taɓa bakinta don zafi.

Da aka kwance ta na riƙe ta a hannu na duba da kyau. Fiye da rabin silin jan ƙarfen ya tsinke a wajen lanƙwasa, saboda girgizar inji ta shekara da shekaru. Abin da ya rage ya yi kore, yana marmashewa in an murza. Ƙarƙashin kan kusar akwai tsatsa da tsohon fenti da baƙin mai da ya daskare da ƙura. Wutar da ke juya injin gaba ɗaya ta nan take komawa batir.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma ina ganin duk mai tsohuwar mota ya kamata ya riƙe shi. Fitila ko rediyo amfiya kaɗan suke ja, shi ya sa suke aiki lafiya ko da waya ta lalace, har mutum ya rantse wayarinsa ƙalau yake. Kik na injin silinda huɗu irin wannan yana jan sama da amfiya 100. A irin wannan ja, turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om ba tana cinye fiye da bolt guda, cikin goma sha biyun da ake da su. Jan ƙarfe kuma turjiyarsa na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Daga digiri 30 na safiya zuwa 100 na ƙarƙashin bonet da rana, ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a wayoyin waje da kuma naɗin da ke cikin kik ɗin kansa. Da safe abin da ke isa kik yana wadatarwa da ƙyar. Da rana ya gaza. Motar da wayoyinta ke da lafiya tana da rarar da za ta shanye wannan ƙari ba a ko lura ba.

Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Ya fara cire kan nagetif kafin ya taɓa komai. Ya yanko waya mai kauri irin ta masu walda, amma kafin ya yanka sai da ya kankare sili ɗaya da wuƙa ya nuna wa Kawu cewa ja ne har ciki. Ya ce kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, robarta kauri, cikinta ba ƙarfi. Ya matse kawunan, ya cika su da dalma, ya goge mazaunin kusa da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure tam, sannan ya shafa giris a kai don hana tsatsa dawowa. Ya ƙara waya ta biyu daga batir zuwa inji kai tsaye. Yaransa suka wanke kawunan batir da ruwan zafi da ɗan kanwa, farin garin da ya taru yana kumfa yana narkewa. Da aka tayar, ya duba caji ya ga altaneta na ba da bolt 14, ya gyaɗa kai.

Yana wanke hannu ya ce, "Za ta kai ku, in sha Allahu. Amma kunnena ya ji kik ɗin na ɗan gurzawa a ciki. Yanzu ya yi zafin da ba zan kwance shi in bar ku ku kama hanya da wuri ba. In kun sauka lafiya ku sa a buɗe shi, a duba bushin. Kuma ɗana, in ta taɓa yi maka gardama, kada ka riƙe ki ya wuce daƙiƙa goma, kada kuma ka bari a kwara wa kik ruwa. Yana tayar da mota a ranar, ya kashe kik a wata."

Kuɗin da ya karɓa bai kai ko kusa da kuɗin batirin ba. Abin ya tsaya mini a rai muna fita daga Daura. Mun saba da gyaran sauye: a sauya batir, in bai yi ba a sauya kik, in bai yi ba a sauya altaneta, mai mota na biya har a dace ko ya gaji ya sayar wa 'yan gwangwan. Motoci masu sauran shekaru a gaba da yawa sun tafi a haka saboda wayar da ba ta fi taƙi ɗaya ba. Wannan dattijo bai kwance komai ba sai da ya tabbatar da mai laifi, kuma kowane gwaji da ya yi ya kore zato ɗaya ne kafin ya matsa gaba. Ina fata yaran nan biyu da ke rumfarsa wannan tsarin suke ɗauka a wurinsa, ba naɗin waya kaɗai ba.

Muka wuce Mai'aduwa muka isa Kwangwalam rana na tsaka. Aka kashe mota aka shiga da takardu. Lokacin da muka fito, sitiyari ba ya taɓuwa don zafi, kuma tsayuwar daidai take da irin wadda ta kayar da mu a Daura. Na yi bisimilla na murɗa. Ta tashi. A Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, aka sake kashewa don takardar shigar mota, ta sake tashi. Kawu ya gyara zaman hularsa ya fara ba ƙanena labarin zuwansa Damagaram na farko.

Daga nan ƙasar ta buɗe. Gonakin gero ne fayau ba shuka, an share ana jiran ruwa, amma cike da itatuwan gawo, kore shar a tsakiyar bazara. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Manoman yankin Matamaye da Magarya da Mirya sun yi suna wajen barin 'ya'yan itacen da suka tsiro da kansu a gona su girma, kuma daga kan titi ana ganin amfanin haka. Muka sayi rake a Matamaye, muka wuce Kance, muka hau babban titin da ya taso daga Yamai a Takeita, muka karya dama. La'asar sakaliya manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, dunƙule-dunƙule a tsakanin gidaje.

An ɗaura aure washegari a Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, inda lunguna ke da ƙunci, gidajen ƙasa kuma ke ɗauke da zane a fuskokinsu. Garin shi ne hedikwatar Nijar a zamanin Faransawa har 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma har yanzu mutanensa na ɗauke da wannan nauyi a tafiyarsu da maganarsu. Da aka watse, wani surukin Kawu ya raka mu garejin wani mai gyaran lantarki a wajen Zango. A ƙofar garejin akwai 504 biyu masu buɗaɗɗen baya, duk suna kan aiki, suna jigilar kasuwannin ƙauye.

Aka sauke kik aka buɗe shi a kan buhu. Kunnen dattijon Daura bai yi ƙarya ba. Bushin na gaba, zoben tagullar da sandar amecha ke juyawa a ciki, ya cinye ta gefe ɗaya, ramin ya tashi daga da'ira. A jikin amecha akwai sawu mai ƙyalli inda take gugar ƙarfen da ke kewaye da ita. Tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce tun asali. In bushin ya saki, maganaɗisu na fizgar amecha gefe, zafi kuma ya buɗa ƙarfe ya cike ɗan abin da ya rage, sai ta riƙa gurzawa tana jan wuta fiye da kima tana ba da ƙarfi kaɗan. Burushin gawayi sun gajarce har sifirin ɗinsu ba ya danna su sosai. Mai gyaran ya buga sababbin bushin da ya jiƙa a mai, ya sa burushi, ya goge wajen da suke hawa har jan ƙarfe ya fito, ya share tsagogin da tsinken ƙarfe. Ya buɗe salanoid ya nuna mini faifan da ke haɗa wuta, fuskarsa duk ƙuna da ramuka, ya goge shi tare da kawunan kusoshin da yake bugawa.

Kawu ya ce ba zai yarda ba sai an gwada ta da zafi, yadda aka yi a Daura. Muka ɗauki hanyar gabas zuwa Mirya da azahar, muka dawo, muka kashe ta a ƙofar garejin, bonet a rufe, muka jira kwata. Mai gyaran ya dafa mitarsa tsakanin batir da inji, na murɗa. Allurar ta ɗan motsa kaɗan, injin ya kama tun kafin in saki ki. Kafin mu bar wurin Kawu ya sa aka nemo masa ƙarin bushin biyu da burushi saiti ɗaya ya biya, don ya ce na asali sun fara wuyar samu a Kano.